Ciwon Yana Diddige, Ƙullin Yana Sha-raɓa

Bara da sanyi ƙanena ya shiga sahun samarin ƙauyenmu da ke fita gudu bayan sallar Asuba. Su bakwai ne, duk sun cike fom ɗin shiga soja, kowa yana jiran ranar tantancewa. Hanyarsu ɗaya ce kullum: su bi burtalin da ya ratsa gonaki, su faɗa cikin rairayi har bakin titin Ringim, su juyo. Sati uku ana haka sai na lura yaron yana taka ƙafar dama kamar wanda ƙaya ta soka. Da safe in ya sauko daga gado ba ya iya dire diddige sai ya dafa bango.

"Yaya, dunduniyata ce," in ji shi. "Kamar an kafa mini ƙusa."

Inna ta gasa masa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya. Aka kai shi wurin wanzami, aka yi tsaga uku a gefen diddigen, aka cusa baƙin magani. Ranar kasuwa wani mai kemis ya haɗa masa ƙwayoyi kala huɗu a leda. Ciwo ya lafa kwana biyu ya dawo. Ni malamin motsa jiki ne a sakandare, na kuma yi gudun dogon zango da ƙuruciya, don haka da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na sa shi ya kwanta rubda ciki a tabarma. Ban taɓa diddigen ba. Sha-raɓarsa na hau da babban yatsa, ina bi sannu daga ƙasa zuwa sama. Kusan taƙi guda sama da diddige, ta gefen ciki, na ji wani abu kamar igiyar guga da aka ja tamau, a tsakiyarta ga ɗan ƙululu kamar ƙwayar gurjiya. Ina dannawa ya zabura har ya kusa shurina.

"Wayyo Yaya, shi ne! Wallahi har diddige nake jin sa."

Wannan abin da yatsana ya taɓa shi ne zancenmu. Duk wanda ƙafarsa ce jarinsa ya san shi ko da bai san sunansa ba: masu gudun fanfalaki, 'yan ƙwallo, 'yan langa, mafarautan da ke bin karnuka tun hantsi har la'asar, mai keken da ke kai buhun riɗi kasuwar Gujungu. Turawa sun raɗa masa suna daga kunamar bindiga, kuma sunan ya dace: ka danna nan, harbin ya sauka can. Ni dai ƙulli nake kiransa.

Wadda ta fi kowa fito da maganarsa wata likita ce 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta fara rubutu a kai tun 1942. Ita ce ta riƙa yi wa John Kennedy maganin ciwon bayansa, da ya zama shugaban ƙasa a 1961 ya ɗauke ta likitarsa, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. Ita da abokin aikinta David Simons suka zana taswirar jiki tsoka bayan tsoka, suna nuna inda ƙulli yake zama da inda yake aika ciwonsa. Kashin farko na aikin ya fito a 1983, na biyu wanda ya shafi ƙafa a 1992.

Kafin mu shiga ciki akwai wani tarko a bakinmu da ya kamata a kwance. Kalma ɗaya, jijiya, muke kiran abu huɗu da ita: hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo daga laka, da agara, da kuma tsokar da ta ɗaure. Mutum ya ce "jijiya ce ta riƙe ni", mai magani ya gyaɗa kai, alhali kowa da abin da yake nufi. Huɗun nan kuwa maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ma wadda in ka murza ta kana iya kashe mai ita, zan zo kan wannan.

Sha-raɓa ba tsoka ɗaya ba ce. Wadda ake gani ta yi tudu idan mutum ya yi ɗage, mai kai biyu, likitoci na kiranta gastiroknimiyos. Daga ƙashin cinya ta taso, sama da gwiwa, ta tsallake gwiwar ta gangaro. A ƙarƙashinta akwai wata shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, soliyos, wadda ta taso daga ƙasusuwan ƙwauri, ƙasa da gwiwa. Su biyun suka haɗu suka zama agara guda, ta kama ƙashin diddige. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana rataye cinyar saniya ya ga irin wannan agarar, ita ake zura wa ƙugiya. A riƙe wannan bambancin, ɗaya ta tsallake gwiwa ɗaya ba ta tsallake ba, domin a kansa rabin maganin ya rataya.

Ta saman ita ce ta tsalle da fizga. Ta ƙasan ita ce jakin gida, ba ta da kwalliya amma ita ke ɗaukar kaya. Yawancin zarenta irin mai jure wahala ne, shi ya sa mai dogon gudu ya fi dogara da ita. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a lokacin gudu takan ja da ƙarfin da ya kai ninki 6 zuwa 8 na nauyin jikin mutum. Saurayi mai kilo 60 kenan tsokar nan tana jan abin da ya kai buhun siminti 7 zuwa kusan 10 a kowane taku. Mai gudu yakan yi taku 160 zuwa 180 a minti, a awa guda wajen 10,000, kowace ƙafa ta sami 5,000. Soliyos ɗin ce kuma ke matse hanyoyin jini tana tura shi sama zuwa ƙirji, har ake mata laƙabi da zuciya ta biyu.

A taswirar su Travell, ƙullin da ke ƙasan soliyos yana aika ciwo zuwa bayan diddige da ƙarƙashinsa, wani lokaci har agara. Na ƙanena kenan. Wanda ke kan gastiroknimiyos ta ciki, ƙasa kaɗan da gwiwa, yana aikawa tsakiyar tafin ƙafa, kuma ana danganta shi da ƙagewar nan ta tsakar dare da ke tayar da mutum yana salati. Dalilin da ciwo ke ɓatan kai haka shi ne saƙonnin sassa daban-daban suna haɗuwa a mashiga ɗaya cikin laka, sai ƙwaƙwalwa ta kasa tantance daga inda aka aiko. Irin haka ne ke sa mai ciwon zuciya ya ji ciwon a hannun hagu.

To me ke ƙulla shi? Bayanin da Simons ya kawo, wanda aka fi yawo da shi, ga yadda yake. Tsoka zare-zare ce kamar igiyar rama, kowane zare yana da 'yan gaɓoɓi da ke tsukewa su saki. In saƙo ya zo, bakin jijiyar saƙo yakan zubo wani sinadari, asetilkolin, sai wani sinadarin kuma, kalsiyam, ya kwararo cikin zaren, gaɓoɓin su tsuke. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sakin ma sai da kuzari. Tsoka ba ta saki don ta gaji, sai ta sami abin da za ta kwashe kalsiyam ɗin ta mayar ma'ajiyarsa. Duk wanda ya taɓa wankan gawa ya ga shaidar wannan: jiki yana sandarewa ne saboda kuzarin sakin ya ƙare. A tsokar da aka wahalar fiye da kima, wani ɗan wuri yakan tsuke ya ƙi saki. Tsukewar ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, iskar oksijin ta yi ƙaranci, kuzarin saki ya rasu, sai ya ƙara tsukewa. Abu ya zama kamar bashin da ake biya da bashi. Sinadaran da ke taruwa a wurin su ke tsokano jijiyoyin jin zafi.

Masana ba su haɗu a kan wannan bayani ba. A 2015 wasu likitoci sun fitar da suka mai zafi, suna cewa ba a tabbatar da ƙullin a matsayin cutar tsoka ba, wataƙila jijiyar saƙo ce ta yi tsami take sa wurin ciwo. An kuma gwada a sa ƙwararru biyu su laluba mutum ɗaya kowa shi kaɗai, sau da yawa ba sa nuna wuri ɗaya. Ina ganin wannan saɓani yana da amfani gare mu, domin yana hana mu ɗaukar ƙulli kamar wani tsiro da za a fasa ko a tsotse. Abin da ba a musu a kansa shi ne akwai wuri mai zafi a tsokar da ta sha aiki, dannawa da miƙarwa suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma in ba a gyara abin da ya jawo shi ba zai dawo.

Abin da ya jawo na samarinmu a fili yake. Yaron da bai taɓa gudun kilomita 2 a jere ba ya tashi rana ɗaya yana yin 8, kullum, ba hutu, saboda tantancewa ta matso. Sannan ƙasar tamu. Sunan jiharmu ma, Jigawa, daga jigawa ya samo asali, tudun rairayi. Gudu a rairayi mai laushi yana cin kuzari fiye da na ƙasa mai tauri da kusan kashi 60 cikin 100. Diddige yana nutsewa, tsokar ta miƙe fiye da yadda ta saba, sannan ta tura ƙasar da ke gudu daga ƙarƙashinta. Ga takalmi: yau kambas ɗin gwanjo mai tudun diddige wanda ya cinye ta gefe ɗaya, gobe silifas, jibi ƙafa ba takalmi. Kowane sauyi sabon aiki ne ga agara da soliyos. Ga sanyin hunturu, a fito daga bargo a hau gudu ba ɗumama jiki. Wanda kuma zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ta rage wa jini, tsokarsa tana saurin gajiya. 'Yan langa nasu ya fi na kowa, ƙafa ɗaya ke ɗaukar dukan tsallen.

Yanzu maganar da na ce zan dawo kanta, kuma ita ce na fi so a riƙe ko da an manta sauran. Ba kowane ciwon sha-raɓa ake dannawa ba.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi ɗumi, fatar ta yi sheƙi ko ta sauya launi, ciwon kuma yana nan ko ana kwance, to a janye hannu. Yana iya zama jini ne ya daskare ya yi guda a babbar hanyar jini ta can ciki. Murza shi na iya ɓalle gudan ya bi jini ya toshe huhu, mutum ya faɗi ana kallo. Ya fi samun mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya daɗe a kwance, da mai sikila, da wanda ya kwana a takure cikin mota daga Legas zuwa Kano. Ƙarfin jiki ba ya kare ɗan wasa daga gare shi. Wannan na asibiti ne a ranar, inda ake da na'urar hoton jijiyar jini, kamar Dutse ko Birnin Kudu ko Kano. In har da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko minti ɗaya kada a ƙara.

Idan kuma ciwon farat ɗaya ya zo ana cikin gudu, mutum ya waiwaya yana neman wanda ya jefe shi da dutse, wannan yagewar tsoka ce ko tsinkewar agara. Gwajin mai sauƙi ne: ya kwanta rubda ciki, ƙafafun su leƙo bakin gado, a matsa sha-raɓar da hannu. In agara lafiya take, tafin ƙafar zai motsa da kansa. In bai motsa ba, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala, ba wurin mai ɗori ba, domin ba ƙashi ne ya karye ba. A nan dole in ambaci wata ƙwaya da ake sha kamar gyaɗa a ƙauyukanmu da sunan maganin taifot, wato sifirofuloksasin, wadda ake kira Cipro. Ita da danginta suna raunana agara, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalinsu a 2008. Wanda yake shan ta, ko bai daɗe da gamawa ba, ya ji agararsa na ciwo, ya dakata da gudu ya ga likita.

Ciwon da ke kan ƙashin ƙwauri daidai wuri ɗaya, wanda tsalle da ƙafa ɗaya ke tayarwa, yana iya zama tsagewar ƙashi. Wanda ya taso daga ƙugu yana saukowa da dindiris ko kasala, daga ƙashin baya yake. Dattijo mai ciwon suga ko mai shan taba da sha-raɓarsa ke ƙagewa in ya yi tafiya, ta saki in ya tsaya, hanyar jininsa ce ta ƙuntata. Fitsari kuma in ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu mai tsanani, ga tsokoki sun yi tsami fiye da kima, tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, shi ma asibiti ne nan take. Shi kansa ciwon diddige na safe, sau da yawa daga faffaɗar tantanin da ke shimfiɗe a tafin ƙafa yake, kuma yakan zo tare da ɗaurewar sha-raɓa, don haka a duba duka biyun.

In an tsallake waɗannan, sai a nemi ƙullin. Zauna a tabarma, ka lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Lanƙwasawar tana sassauta tsokar sama, sai yatsa ya iya kaiwa ga ta ƙasa ta gefe da gefe. Shafa ɗan mai, ka bi tsokar a gicciye kamar mai laluben tsakuwa a cikin wake. Alamarsa uku: igiya mai tauri, wuri ɗaya a kanta da ya fi ko'ina zafi, sannan dannawar ta tayar da ainihin ciwon da ka sani. Wannan ta ukun ita ce hujja. Kowa in aka matsa masa sha-raɓa zai ji zafi, amma "shi ne" ɗin nan da ƙanena ya faɗa ba kowane wuri ke fito da shi ba. Wani lokaci za ka ga tsokar ta yi ɗan tsalle ƙarƙashin yatsa.

Danna a hankali, kana ƙarawa, har zafin ya kai inda kake jin sa sosai amma kana iya numfashi da magana. In ka fara cije leɓe kana ɗauke numfashi, ka wuce gona da iri, tsokar za ta ƙara ɗaurewa ne don kare kanta. Riƙe a nan daƙiƙa 30 zuwa 90. Yawanci za ka ji zafin yana narkewa alhali ba ka rage ƙarfi ba, sai ka ɗan ƙara, ka sake jira. Sau 2 ko 3 a wuri ɗaya ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. Samari suna da wata ɗabi'a ta ganin wanda ya fi jure azaba shi ya fi samun magani. Na ga wanda ya sa abokinsa ya taka masa sha-raɓa da diddige, washegari wurin ya yi baƙi ya kumbura, ya ƙara sati guda a zaune.

Babban yatsa yana saurin gajiya. A cikin birni akwai wani gungumen soso da 'yan wasa ke birgima a kai, mu kuwa taɓarya tana yi, muciya tana yi, kwalbar lemo da aka naɗe da tsumma tana yi. Miƙe ƙafa, ka ɗora sha-raɓar a kai, ka dogara da hannuwa ta baya, ka gangara sannu daga saman agara zuwa ƙasan gwiwa. Inda ka ci karo da wurin, tsaya, ka riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa. Minti 2 a kowace ƙafa. Wuri uku ba a dannawa: ramin bayan gwiwa, inda babbar hanyar jini da jijiyar saƙo suke kusa da fata, ɗan ƙashin da ya turo ta gefen waje ƙasa da gwiwa, inda wata jijiyar saƙo ta naɗe, wadda in ta ji rauni ƙafa ke saki, da kuma jijiyoyin jinin da suka kumburo suka yi kore.

Gashin da Inna ta yi daidai ne, wurin ne aka kuskure. Tsumma mai ɗumi a kan sha-raɓa minti 10 zuwa 15 kafin dannawa yana sa tsokar ta yi laushi. Man zafi irin su Robb da Aboniki fata suke ɗumamawa, suna ɗauke hankali daga ciwon, ba laifi, amma ba sa isa can ciki.

Bayan dannawa sai miƙarwa, kuma a nan ne zancen gwiwa ke dawowa. Dafa bango, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, diddige a ƙasa, yatsu suna kallon gaba, gwiwa a miƙe, ka karkata gaba. Wannan tsokar sama yake ja. Kusan kowa a nan yake tsayawa, shi ya sa ƙullin soliyos ke shekara bai warke ba. Sai ka matso da ƙafar kusa kaɗan, ka lanƙwasa gwiwar, diddige bai ɗaga ba. Za ka ji jan ya sauko ƙasa kusa da agara. Kowanne daƙiƙa 30, sau 3, ba girgizawa.

Duk wannan kwance ƙulli ne. Abin da ke hana shi komawa shi ne tsokar ta fi ƙarfin aikin da ake ba ta, kuma wannan ne ɓangaren da samari ke gudu domin ba shi da armashi. Na sa ƙanena ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa bango da yatsa, ya yi ɗage har ƙarshe ya sauko, ina ƙirgawa. Hagu ya yi 21. Dama ya tsaya a 11 ƙafar tana rawa. Matashi mai lafiya ana so ya kai 25, mai dogon gudu ya wuce haka. Magani shi ne gwajin kansa: ɗage a bakin dakali, diddige yana sauka ƙasa da dakalin sannu a hankali, sau 15, a huta, har zagaye 3, da gwiwa a miƙe, sannan a maimaita da gwiwa a ɗan lanƙwashe. A fara da ƙafa biyu, a koma ɗaya, in ya yi sauƙi a goya jakar makaranta da rairayi a ciki. Wani likita a ƙasar Suwidin, Alfredson, ya gwada irin wannan saukowar a 1998 a kan masu gudu 15 da ciwon agara ya hana su sakat, sau 180 a rana har sati 12, dukansu suka koma gudu. Nasa tsarin na agara ne, mai ƙulli ba ya bukatar kaiwa can. Kwana 3 a sati ya wadatar.

Gudun ma ban hana shi ba. Na raba shi biyu, na ce yau gudu gobe hutu, a bar rairayi mai zurfi da hawan tudu sati biyu, a bi gefen hanya mai tauri. Kafin a fara, tafiya mai sauri minti 5, sassarfa minti 5. In za a ƙara nisa, kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a sati. Ma'auninmu safiya ce: in takun farko ya fi na jiya ciwo, jiya an yi yawa.

Wanda ya yi sati 3 zuwa 4 yana wannan bai ga sauyi ba, ya nemi sashen gashin ƙashi a babban asibiti. A can wasu ƙwararru suna soka siririyar allura wadda ba magani a cikinta, kai tsaye cikin ƙullin, tsokar ta yi tsalle ta saki. Wani likita a birnin Firag da ke Turai, Karel Lewit, shi ya nuna a 1979 cewa sukar kanta ke kawo sauƙin, ko da ba a ɗura komai ba. Wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, sauƙin kuma na gajeren zango ne in ba a haɗa da ƙarfafa tsoka ba. Wannan aikin wanda ya karanci inda hanyoyin jini da jijiyoyin saƙo suka bi ne. Kada a bari mai kemis ya gwada, kada kuma a yarda a yi allurar kashe kumburi a jikin agara, tana iya sa ta tsinke.

Ƙaho ba na raina shi. Sunna ce, iyayenmu sun yi, wasu kuma suna jin sauƙi in an kafa shi a tsokar da ta ɗaure. Wanzamin da ya yi wa ƙanena tsaga shi ya yi mana kaciya, ina ganin girmansa, kuma inda aka nuna masa nan ya yanka. Abin da nake roƙo shi ne a je da sabuwar reza, saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini, kada a tsaga diddigen da zai koma cikin turɓaya da kashin dabbobi, kada a tsaga mai ciwon suga, kada kuma a kafa ƙaho a ƙafar da ta kumbura ta yi ɗumi.

Ledar ƙwayoyin nan ta fi tsagar tayar mini da hankali. Da na zazzage ta, biyu daga ciki magungunan kashe ciwo ne dangin juna, diklofenak da ibufurofen. Shan su a haɗe, da cikin da ba abinci, sannan a fita gudu ana zuba gumi, hanya ce ta gyambon ciki da lalata ƙoda. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, yankin Haɗeja kuma ba baƙon ciwon ƙoda ba ne, kowa ya san gidan da aka yi jinya. Da azumi abin ya fi haɗari, don haka mai gudu ya bari sai bayan buɗa-baki ya sha ruwa ya ƙoshi. Taramol kuwa, da wasu ke haɗiya don su jure, ciwon kawai take rufewa, mutum ya ci gaba da gudu a kan tsokar da ke neman yagewa.

Diddigen ƙanena ya daina ciwon safe a cikin sati na biyu. Tsagar ce ma ta ɗauki lokaci, ɗaya ta yi ruwa sai da aka wanke ta a asibitin sha-ka-tafi. Ya yi gudun tantancewarsa lafiya, sunansa dai bai fito ba, bana sun sake cikewa. Yanzu in an idar da Asuba za ka gan su su bakwai a jere a bakin dakalin masallaci, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, suna ɗagawa suna saukowa kafin su kama burtali. Shekaranjiya na tsaya na ƙirga masa.

"Nawa, Yaya?"

"Hagu 29. Dama 27."

"Gobe da jaka zan yi," ya ce, ya sunkuya yana ɗaure igiyar kambas.